Gishirin Jirgi da Uwayen Kifi Bakwai

A makon nan kaɗai mutum huɗu suka yi mini sallama, kowa da wayarsa a hannu, wai sun ga bidiyon yadda ake ƙyanƙyasar kifi, suna so in ƙarasa koya musu kafin Asabar. Wata ma daga Malikanchi ta hau acaɓa ta zo, ta ce ita wurin da ake soka allurar kawai take so in nuna mata, sauran duk ta gane. Na ce mata in allura ce matsalarki, ga kemis can bakin kasuwa. Ta yi fushi ta tafi. Ana cewa ba ni da haƙuri, ban kuma taɓa musawa ba. Shi ya sa zan rubuta abin nan sau ɗaya, duk mai son sana'ar ya karanta kafin ya zo ya ɓata mini safiya.

Sunana Karima, a Ikara nake, shekarata bakwai ina ƙyanƙyasar tarwaɗa. Ba na kiwon kifin ci. Aikina shi ne in fitar da 'ya'ya daga ƙwai, in raine su har su kai tsawon ɗan yatsa, sannan masu kududdufi da masu tankin roba su zo su ɗiba. Bidiyon da kuka gani minti uku ne, kuma duk kifi ya nuna muku. Bai nuna muku ruwa ba, alhali ruwan ne ke cinye rabin yinina.

Wanda ya koya mini Kawu Shitu ne, ƙanen Innarmu, wanda duk gari ke kira Shitu Jirgi. Tun yana saurayi ya tafi Legas, ya yi ta faɗi-tashi har ya samu aiki a ɗakin injin wani jirgin ruwa na dakon kaya. Wata tara yana teku, wata uku yana gida. Da ya fara tunanin ranar da ƙafa za ta gaji, sai ya kafa rumfar kwano a kangon bayan gidanmu, ya gina tankuna shida na siminti, ya ɗora babban tankin roba a sama, ya sa injin jan ruwa a rijiyar Inna, don ita ce rijiyar da ba ta ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Ni kuwa na gama sakandare, sakamako bai kai ni ko'ina ba, ina zaune a gida ina faɗa da kowa. Kawu ya ce wa Inna ta ba shi mai bakin nan, wai mai gardama ita ce ke tambaya. Inna ta ce ya ɗauka, ko kunnenta ya huta.

Aikin farko da ya ba ni wankin tanki ne, kuma wata guda cur ban taɓa kifi ba. Kafin a zuba sabon ƙwai dole a kashe duk wata cuta da ta maƙale a bango, don haka sai a jiƙa garin kulorin, farin garin nan mai warin ruwan wanki, a goge tanki da buroshi tun daga baki har gindi. Hannuna ya yi fari ya tsage, idona ya yi ja. Na ɗauraye sau uku na ce na gama. Kawu ya cika tankin, ya ɗebo 'yan kifi biyu ya saka. Kafin in gama shan koko sun juya ciki sama.

Ranar ce ya fara buɗe mini wani gwangwani. Ƙwayoyi ne farare masu ƙyalli, kamar manyan ƙwayar sukari. Sunansu na takarda sodiyam tayosalfet, amma ban taɓa jin wani a unguwarmu ya faɗe shi daidai ba, sai muka bar shi a gishirin jirgi. Ya jiƙa tafina, ya zuba mini kaɗan, ya ce in dunƙule. Nan take na ji sanyi kamar na riƙe ƙanƙara. Ya ce in riƙe wannan sanyin a kaina, da shi ake gane shi.

Sannan ya zauna kan bokiti ya ba ni labarin aikinsa. Jirgi in ya sauke kaya sai ya yi sakayau, igiyar ruwa ta riƙa wasa da shi. Don haka ake ɗura masa ruwan teku a wasu manyan ɗakuna a cikinsa, ya yi nauyi ya zauna daidai. Shi suke kira ruwan nauyi. To amma ruwan nan ba shi kaɗai yake shiga ba, yana tafe da ƙananan halittu da ƙwai da cuta na ƙasar da aka ɗebo shi, kuma doka ta hana a kai su wata ƙasa a juye da ransu. Sai a kashe su da kulorin tun a hanya. In an isa tashar da za a yi lodi, dole a zubar da ruwan, ga shi kuwa ya zama guba, in aka sake shi haka kifin masuntan wurin ne zai mutu. A nan aikin Kawu yake. Shi ke haɗa gishirin nan a ganga, injin ya riƙa ɗiga shi cikin ruwan yana fita, yana cinye kulorin ɗin. Akwai na'urar da ke aunawa da kanta, amma duk da haka sai ya ɗebi ruwan ya gwada da hannunsa kafin ya yarda a buɗe.

Kayan gwajin ba wani abin kallo ba ne. 'Yar kwalba ce kamar ta turare, da ƙwayoyi a kati, goma-goma, kamar maganin ciwon kai. A cika kwalba, a jefa ƙwaya ɗaya, a girgiza. In ruwa ya tsaya fari, lafiya. In ya yi ruwan hoda, akwai kulorin, gwargwadon jansa gwargwadon yawansa. Sai a jiƙa gishiri a bokiti, murfin kwalbar lemo ɗaya ga tanki in launin mai haske ne, a zuba, a juya, a sake gwadawa. Ba a yin gaba gaɗi a zuba da yawa don a huta, shi ma in ya wuce kima yana rage wa kifi iska.

Duk wannan na yarda da shi. Abin da ya riƙa ba ni haushi shi ne dokar da ya kafa, cewa kowace safiya, kafin a kunna inji, sai an gugo ruwan rijiya an gwada. Na ce, “Kawu, rijiyar nan ta girme ni. Wa zai zo daga teku ya zuba mata kulorin?”

Ya ce, “Ni ma shekara da shekaru ina gwada ruwan da na san lafiyarsa ƙalau. Minti biyu ne, Karime. Yi kawai.”

Na yi, ina ƙunƙuni.

Ƙyanƙyasata ta farko ba zan manta da ita ba, don ita ce ranar da na gane bidiyo ba ya nuna wari da santsi. Da yamma aka zaɓi uwa mai taushin ciki, aka auna ta, aka yi mata allura a gefen ƙashin baya. Da sassafe aka rufe mata kai da jiƙaƙƙen tawul, Kawu ya riƙe, ni na tatso ƙwan a busasshen kwano. Busasshe nake cewa, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata shi. Namijin kuwa yanka shi ake yi, a ciro 'yar jakar farin ruwansa, a tsaga da reza a kan ƙwan. A juya da gashin kaza, a zuba ruwa kaɗan, a ƙirga minti ɗaya, a baza a kan raga cikin tanki, ƙwaya ba ta hau kan 'yar uwarta ba. Washegari sai ki ga wasu abubuwa kamar ƙurar shayi suna motsi a gindin tanki. Daga nan wahala ta fara. Kwana uku ba a ba su komai, bayan nan abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kowace safiya a zuƙe datti da siririn tiyo ba tare da an zuƙe su ba. In sun yi mako biyu sai a fara tsince ƙattin da suka fi sauran girma, don tarwaɗa ba ta san ɗan uwa ba, ƙato ɗaya sai ya cinye miki ɗari.

Masu saye kuwa kowa da halinsa. Akwai Malam Iro na Kudan, manomin rani ne da ya haƙa kududdufi a gefen fadamarsa. Ya ga ina zuba gishirin jirgi a jarkar da na wanke, ya tambaya, na yi masa bayani. Bayan mako biyu ya dawo ransa a ɓace, wai kifina ba su da ƙwari. Da na matsa shi sai ya fito da ƙulli daga aljihu. Ashe ya wanke tankinsa da kulorin kamar yadda ya gani, sai ya shiga kasuwa ya sayi alif, wanda mata ke kwantar da laka da shi, don ya ga kamarsu ɗaya kuma ya fi araha. Na jiƙa masa tafi biyu, na sa alif a ɗaya, gishiri a ɗaya. Ya tsaya yana kallon hannunsa na dama, ya ce lallai wannan yana da aljani. Har yau shi ne babban mai sayena, kuma duk wanda ya kawo mini daga Kudan sai ya fara jiƙa masa tafi.

A shekarata ta uku Kawu ya kira ni rumfa ana gobe zai koma teku. A tanki na ƙarshe akwai uwaye bakwai, manya, kowace ta kai tsawon hannuna. Shekara biyu muka yi muna rainonsu, muna zaɓe muna zubarwa, har suka rage su bakwai masu ƙwai mai kyau. Uwa irin wannan ba a sayenta a kasuwa, wadda za a sayar miki ita ce wadda mai ita ya gaji da ita. In babu su, rumfar nan siminti ce kawai. Kawu ya ce wannan tafiyar ba zai bar kowa a kaina ba. In ya dawo ya tarar da su bakwai da ransu, makulli ya zama nawa, shi ya koma ɗan kallo. In kuwa ba haka ba, akwai mai kaji da ya daɗe yana son wurin, ni kuma in nemi keken ɗinki. Ya miƙo mini akwatin ƙwayoyin gwaji, kati talatin, ƙwaya ɗari uku. Ya ce sun ishe ni wata tara har da rara.

Wata biyu na yi ina gwadawa kullum. Kullum fari. Sai na koma ranar Juma'a kawai. Sai aiki ya yi yawa, masu saye suka ƙaru, matan Gazara su goma sha biyu suka haɗa kai suka sayi tankunan roba suka ce ni zan cika musu. Akwatin ya koma saman katanga, gizo ya yi masa saƙa. Ba wanda ya hana ni, ba wanda ya sa ni. Na ga ɓata lokaci ne, na daina.

Daminar shekarar ta zo da amai da gudawa. Ana ta jin an kwantar da wane, an rasa ɗan wane. Ranar kasuwar Makarfi na fita tun da sassafe da jarkoki huɗu na kai wa masu saye, ruwa ya dake ni a hanya, ga mura dama ta toshe mini hanci kwana biyu. Na dawo wajen azahar na tarar tankin sama ya kusa ƙarewa. Na kunna inji. Na buɗe wa 'ya'yan kwana goma, waɗanda na ƙyanƙyashe don matan Gazara, ruwa yana shiga yana fita kamar kullum. Na rage wa uwaye rabin ruwansu, na buɗe musu sabo. Na shiga gida na yi salla, na zauna cin ɗanwake.

Da na dawo, shirun ne ya fara tsayar da ni. Tankin 'ya'ya kullum yana da wani ɗan motsi a sama, ranar babu. Na leƙa, gindin tanki ya yi fari fat da su, tanki uku, ko ɗaya ba ya motsi. Na ruga wurin uwaye. Duk bakwai sun miƙe tsaye a ruwa, baki a sama, gashin bakinsu ya nannaɗe, yauƙin jikinsu yana saɓulewa fari-fari kamar an zuba musu ruwan zafi. Na kashe famfo, na kashe inji, na hau bokiti na sauko da akwatin. Ƙwayar ba ta gama narkewa ba ruwan ya yi ja kamar zoɓo.

Abu na farko da ya zo mini shi ne in kwashe su in sa a wani ruwan. Na ƙwala wa Larai kira, matar yayana, na ce ta gugo mini a maƙwabta. Ta ce wace maƙwabtan, ai duk rijiyoyin unguwa an zuba musu kulorin da hantsi saboda amai da gudawar nan, ma'aikatan lafiya ne suka bi gida-gida. Ruwan saman da aka tara a ganga kuma ta gama wanki da shi. Ke nan a duk unguwar babu bokiti ɗaya da kifi zai rayu a ciki. Saura gishiri.

Gwangwanin ba ya rumfa, don kwanon ya fara yoyo, Inna ta kwashe kayan ta kai ɗakinta. Na ce Larai ta ɗauko mini farin gishirin nan, ni kuma na shiga tankin da zanena ina ɗaga kawunan waɗanda suka fara nutsewa. Ta dawo a guje da gwangwani. Na ɗiba da jiƙaƙƙen hannu zan watsa a bokiti, sai na tsaya. Ba sanyi. Alif ɗin Inna ne. Na fita da gudu ina zubar da ruwa har tsakar ɗaki, na jawo nawa daga ƙarƙashin gado.

Murfi huɗu na jiƙa, na bi gefen tanki ina zubawa, ina juyawa da hannu har kafaɗa. Na gwada. Ruwan hoda. Na ƙara biyu, na juya, na ƙirga ɗari, na gwada. Saura ɗan alama. Rabin murfi. Na gwada. Fari. Sannan na hau tsani na yi wa tankin sama haka, sai da ya yi fari sau biyu a jere, na sauya wa uwayen ruwa a hankali, Larai tana ɗibar ruwan da kwarya tana zubowa daga sama don iska ta shiga. Ɗaya ta riga ta tafi tun ina ciki. Biyu suka kwana suna juyi, suka bi ta washegari. Huɗu suka kwanta a gindi, ba ci, jiki duk gyambo, amma suna numfashi.

Muna cikin haka Inna ta fito, ta tsaya bakin rumfa da carbi a hannu, ta ga 'ya'yan da na kwaso a daro. Ta yi salati. Sannan ta ce, “Ai ni na ce su ƙara. Da suka zuba awo ɗaya na ce musu rijiyar nan ba mu kaɗai ke sha ba, har da kifin Karima, su yi wa Allah su ninka, kada cutar ta kama su. Yaron da ke zubawa ma ya ƙi, sai da na roƙe shi.”

Na buɗe baki, Larai ta take mini ƙafa. Abin da ya fito kawai shi ne, “Inna, kifi ba ya amai da gudawa.”

Ta ce, “To ni ina na sani? Ke da aka bar wa kwalbar sani, ina kika ajiye ta?”

Da na gwada kafin in kunna inji, minti biyu, da ko kifi ɗaya bai mutu ba, ko da buhu guda aka juye a rijiyar. Kuma in faɗi gaskiya, daminar nan ta wuce ba wanda ya kwanta a gidanmu. Maganin ya yi aikinsa.

Sauran shekarar ba daɗi. Na hau mota na je Gazara da kaina na faɗa wa matan cewa babu kifi, ban kuma ce ƙaddara ba, na ce sakacina ne. Wasu suka jira, wasu suka saya a Zariya, ban ga laifinsu ba. Uwayen huɗu sai da suka yi mako uku kafin su karɓi abinci, ina yi musu wankan ruwan gishirin miya ina shafa wa gyambon magani. Wata biyu ban taɓa su da allura ba. Rumfa ta yi shiru, 'yan unguwa suna wucewa suna tambayar yaushe kaji za su iso. Amma tun daga ranar, ko ruwan sama na tara sai na gwada.

Ana saura mako Kawu ya dawo, Larai ta same ni ina ƙirga katunan. Sun fi goma sha uku ba a taɓa su ba. Ta ce, “Uwar kifi, ke dai ba ki da wayo. Ɓalle su ki watsa a masai, ki bar masa fankon kati. Ki ce kin gwada da safe lafiya lau, bayan kin fita aka zuba. Ai kusan haka ɗin aka yi.” Na ce kusan. Na yi tunanin abin kwana biyu, ba zan ɓoye ba. Abin da ya hana ni shi ne ban iya ƙarya ta daɗe a bakina ba, Kawu zai yi tambaya uku in fashe. Na mayar da akwatin yadda yake.

Ya iso da la'asar. Sai da ya gama gaisawa da Inna, aka tambayi teku, aka tambayi hanya, aka yi wa juna jajen waɗanda aka rasa, ya ci tuwo, sannan ya ce in ɗauko makulli. Inna ta riga ta ba shi labari ta waya, ta ɗora wa kanta laifin duka. Ya tsaya kan tanki na ƙarshe ya daɗe yana kallo. Ya sa hannu ya shafa cikin ɗaya, ya duba tabon. Sannan ya ce in kawo akwati. Ya zauna kan bokitinsa ya jera katunan a gwiwa.

Ya ce, “Wata nawa kika yi ba gwaji?”

Na ce, “Huɗu da 'yan kwanaki.”

“Uwaye bakwai na ce.”

“Bakwai ka ce.”

“Huɗu na gani.”

Na ce huɗu ne, kuma in mai kajin zai zo ya bari in kwashe ragata da kwanukana. Larai tana bakin ƙofa tana yi mini alama da ido in yi shiru.

Kawu ya tattara katunan ya mayar. Ya ce, “Da na tarar da akwatin nan fanko ga kifi huɗu, da yau ɗin nan na kira shi. Don sai in ce kullum kina gwadawa, duk da haka kika kashe su, ke nan kina kallon kwalba ba ki san abin da kike gani ba. Wannan ban san yadda zan gyara shi ba. Amma lalaci ne, shi kuwa kifi uku sun riga ni yi miki maganinsa. Kuma wanda ya fitar da huɗu daga ruwa mai kalar zoɓo ya san awo.” Ya ajiye makullin a bakin tanki, ya tashi. Akwatin kuwa bai ba ni ba. Ya shiga da shi gida ya ɗora a cinyar yayarsa, ya ce tunda rijiyarta ce, ita za ta riƙe.

Daga uwayen nan huɗu duk kifin da ke rumfata yau ya fito. Yanzu tankuna goma sha ɗaya ne, matan Gazara sun dawo har sun kawo na Malikanchi, Kawu ya bar teku yana zaune ƙofar gida yana ba yara labarin kifin da ya fi mota girma. Kowace safiya Inna ce ke ɓallo ƙwaya ɗaya ta miƙo mini, ta tsaya sai ta ga launin da idonta. In ma'aikatan lafiya suka zo da damina, ita ke tarbarsu, ta ce su zuba daidai awonsu, sannan ta ɗaga murya ta ce in kashe inji, baƙi sun zo.

To ku masu waya, ga yadda nake koyarwa. Ranar farko ba allura, ba reza. Zan ba ku 'yar kwalba da ƙwaya talatin, ku je ku gwada ruwan gidanku wata guda, kullum, ko da fari yake fitowa har ku gaji. In kun dawo zan ajiye muku kofi uku na ruwa, ɗaya na taɓa shi, ku nuna mini wanne, ku kuma gyara shi da gishiri a gabana. Wanda ya wuce wannan, sai wankin tanki.

Jiya ina tsakiyar rubutun nan aka yi sallama. Yarinyar Malikanchi ce, ta dawo, fuskar nan a ɗaure. Ta ce ta sayi allurar a kemis kamar yadda na ce, ta gwada a gida, ƙwan ya ruɓe, yanzu sai me. Na nuna mata ɗakin Inna. Ina jin su daga rumfa, Inna tana ƙirga mata kati a tafin hannu, ɗaya, biyu, uku.

Ta ce, “Talatin ne, 'yar nan, na ƙirga. Kada ki ji haushi. Ita ma mai koya mikin sai da aka ƙirga mata.”